Ɗan Ruwa Biyu

Mahaifina ya kawo min ganye tara a jakar leda,
da ƙanƙara a kai, kamar kifin tashar Agadir.
Ya ce, Tlaitmas, ke kika yi karatu, duba min,
wa ke naɗe min ganyen tumatir
kamar tabarmar baƙon da zai kama hanya?

Gonarsa na Shtuka, ƙarƙashin rumfar leda,
inda rana ke shiga ta mance ƙofar fita.
Farin ƙuda, ko ƙwayar riɗi bai kai ba,
in ka girgiza reshe sai ya tashi kamar toka.
Ɗan dako ne. Ba ya tambayar kayan wa ya ɗauka.

Na niƙa ganyen, na tace, na miƙa wa na'ura.
Shayina ya huce sau uku.
Can dare haruffa suka zubo a fuskar kwamfuta,
iri huɗu rak, amma sun jeru kusan dubu uku,
kai ya ciji wutsiya, sun zama awarwaro.

Bairos biyu na sani a kwarin nan.
Ɗaya ya ƙetaro daga wani tsibiri, ya tsufa a cikinmu,
ɗaya daga gabas, mai zafin nama, shi ya zo daga baya.
Na san rubutun kowanne kamar tarin maƙwabci.
Na bi layi da yatsa:
na gabas ne, na gabas ne, na gabas,
sai na yi tuntuɓe.
Haruffa saba'in da 'yan kai, hannun ɗan tsibiri,
an dasa su a tsaka, ɗinkin ko zare bai leƙo ba.

Ga yadda akan yi, Baba.
Ƙuda biyu su sha a ganye guda,
baƙi biyu su kwana a ɗakin da ido bai gani.
Magatakardan ɗakin na kwafe littafin wannan,
gyangyaɗi ya sace shi, hannu ya zame kan na wancan,
ya farka, ya ci gaba,
bai san ya rubuta na uku ba.
Dubbai irinsa ake haifa, su mutu kafin asuba.
Wannan ya ga rana.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne zancen iri.
Shekara huɗu ke nan ya sayar da awaki shida,
masu hawa bishiyar argan har ƙoli,
ya sayo irin da aka ce cuta ba ta kayar da shi.
Irin bai ci amana ba. Ga shi nan kore shar,
ya matse iyayen biyu har suka rame.
Amma rariya ce ya saya da sunan ƙyaure:
manya suka maƙale, ɗan ya bi ta ido,
ya tarar da gida babu mai ce masa matsa.
A cikin masu lafiyar yake kwana, yana ƙiba, shiru.
Ganye taran nan daga layin gefe suka fito,
tsohon irin kakata Ijja, mai tsami, na miyar gida,
shi kaɗai ya rage da bakin yin kuka.

Na kira shi bayan sallar asuba.
Ya ce, to ɗan wane ne?
Na ce, na duka biyun, kuma ya kori duka biyun.
Ya yi shiru. Ina jin iska na kaɗa leda a bayansa.
Ya ce, haka 'ya'ya suke.
Ya ce, ragar gabas ta yage, bari in nemo allura.

Na manna wa kwalbar lamba, na rubuta kwanan wata.
Akwatin sanyi na da gurbi ɗari, na cika sittin da ɗaya.
Sauran na bar su a buɗe.
Ƙuda bai daina dako ba,
magatakarda kuma har yanzu barci bai ishe shi ba.